Daga Allo zuwa Rabin Aji: Tarihin Shigar Yaro Makaranta a Achika da Ƙasar Wudil

Achika ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano, tare da Darki da Indabo da Utai da Lajawa da Kausani da sauransu, kuma tana cikin yankin da noma da kiwo da fatauci suka daɗe suna riƙe da rayuwar jama'a. Garin Wudil, wanda yake kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, an san shi da kogi da gada da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, sannan a 'yan shekarun nan an ƙara saninsa da manyan makarantu biyu, wato Makarantar Horar da 'Yan Sanda da aka kafa a 1988 da Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda daga baya aka sa mata sunan Aliko Dangote. Duk da haka, tarihin ilimi a wannan yanki ya fi bayyana a matakin farko, a ranar da ake riƙe hannun ƙaramin yaro a kai shi gaban malami, domin a wannan rana ce ake ganin wanda yake da ikon yanke hukunci a kan yaro, da ma'aunin da ake auna isarsa, da harshen da za a fara yi masa magana da shi. Waɗannan abubuwa uku sun sauya hannu fiye da sau ɗaya a cikin shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce, kuma iyalin da ke shirin sa yaro a rabin aji, wato ajin share fage da ake yi kafin aji ɗaya na firamare, sun gaji sakamakon kowane sauyi daga cikinsu.

Gida kafin makaranta

A al'adar Hausawa ta ƙauye, makaranta ba ita ce rabuwar farko tsakanin yaro da mahaifiyarsa ba. Rabuwar farko ita ce yaye, wanda ake yi idan yaro ya kai wajen shekara biyu, inda akan ɗauke shi a kai shi wurin kakarsa ko gwaggonsa ya yi kwanaki ko makonni har ya manta da nono, kuma ya saba da cin abinci daga hannun wata mace wadda ba uwarsa ba. Wannan tsari yana koya wa yaro tun da wuri cewa mutanen da za su kula da shi suna da yawa, kuma alkunyar da uwa take nunawa ga ɗan fari, wadda take hana ta kiran sunansa ko nuna masa so a gaban mutane, tana ƙara tura shi zuwa ga kakanni da ƙannen uba da matan gida. Saboda haka yaron da ya tashi a babban gida, inda ake noman gandu ana ci daga tukunya ɗaya, yakan kai shekara huɗu ya riga ya saba da karɓar umarni daga manya daban-daban.

A wannan tsakani, tsakanin yaye da makaranta, akwai karatu mai yawa da ba a kiransa karatu. Tatsuniya da dare tana koya wa yaro saurare da bin labari daga farko zuwa ƙarshe, kacici-kacici yana koya masa kwatanta abu da abu, karin-harshe yana gyara masa furuci, wasan 'yar tsana da wasan ɗaki suna sa 'yan mata kwaikwayon aikin gida, carafke yana koyar da ƙirga da saurin hannu, langa kuma tana ƙarfafa jikin yara maza tare da koya musu bin doka a cikin ƙungiya. Aike shi ne babban gwajin hankali, domin yaron da za a ba kuɗi a ce ya sayo gishiri da daddawa a gida kaza, ya je ya dawo da su ba tare da ya manta saƙo ba, ya nuna cewa yana iya riƙe magana a ka. A da iyaye ba sa rubuta ranar haihuwa, amma suna lura da waɗannan alamomi, kuma da su ne suke yanke cewa lokacin kai yaro wurin malam ya yi.

Asalin makarantar allo

Littafin Tarihin Kano ya danganta zuwan malaman Wangarawa daga ƙasar Mali da zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, sannan ya ambaci zuwan Fulani da littattafan tauhidi da na lugga a zamanin Sarki Yakubu a tsakiyar ƙarni na 15. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Muhammad ɗan Abdulkarim al-Maghili ya zauna a Kano ya rubuta wa sarki nasiha a kan sha'anin mulki, abin da ya ɗaga darajar malamai a fada da cikin gari. Daga waɗannan hanyoyi na yamma da na arewa, da kuma hanyar Barno ta gabas wadda ta shahara da haddar Alƙur'ani, ƙasar Kano ta gaji ruwayar Warshu da rubutu irin na Magariba, waɗanda har yau su ne ake gani a allunan yara a ƙauyuka.

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya ƙara faɗaɗa wannan karatu, kuma yankin Wudil yana da hannu a cikinsa, domin Malam Bakatsine na Fulanin Joɓawa, wanda yake ɗaya daga cikin jagororin jihadi a Kano, mutumin Utai ne, zuriyar Joɓawa kuma su ne suka riƙe sarautar Makaman Kano da hakimcin Wudil. Shehu ya soki malaman da suke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata masu ilimi da ake kira jaji suke kai karatu ga matan karkara. Wannan ya sa karatun farko na 'ya mace ya samu hujja a addini, ko da yake a aikace yarinya takan bar makarantar allo da wuri saboda talla da aikin gida da aure.

Ranar sa yaro a makaranta

Makarantar allo ta gari, wadda ta bambanta da tsangaya inda almajirai baƙi suke zama nesa da iyayensu, takan kasance a zauren malam ko a inuwar wata bishiya a ƙofar gidansa. Malam ɗan gari ne, an san iyayensa da gonarsa da halinsa, kuma sau da yawa shi ne ya raɗa wa yaron suna a ranar bakwai. Idan yaro ya kai shekara huɗu ko biyar, bakinsa ya buɗe, yana iya ƙirga zuwa goma, mahaifinsa ko wansa yakan kai shi tare da 'yar sadaka, kamar goro ko ƙosai ko gumba, ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga amana na kawo," malam kuma ya yi addu'ar Allah ya buɗa wa yaron, ya ba shi ilimi mai amfani. Ba a rubuta suna a rajista, ba a neman takarda, kuma babu ranar da aka keɓe a shekara domin ɗaukar sababbin ɗalibai, domin kowane yaro yana shiga ne a ranar da gidansu suka ga ya isa.

Abin lura shi ne sabon yaro, wanda ake kira kolo ko kotso, ba ya fara da rubutu. Yakan zauna kusa da yayyensa na tsawon watanni yana jin amon karatu, yana maimaita Fatiha da gajerun surori daga bakin malam ko wani babban ɗalibi, har su zauna masa a ka. Sai bayan haka ake saya masa ƙaramin allo, a rubuta masa da alƙalamin kara da tawadar da aka haɗa da baƙin gawayi da ƙaro, a fara masa babbaƙu, wato sanin haruffa ba tare da wasali ba. An ba haruffan sunaye na Hausa waɗanda suke kwatanta siffarsu, kamar alu da ambaki da ba-guje da sin-ara da lam-jaye da ha-kuri, yaro yana ɗora yatsa a kan kowanne yana faɗin sunansa da ƙarfi. Daga nan sai farfaru, inda ake sa wa haruffa wasali, sannan haɗa baƙi, inda yaro yake karanta kalma sukutum. Idan ya iya abin da ke allonsa, ya biya wa malam ba kuskure, sai a ce ya wanke, a rubuta masa na gaba, wanda bai iya ba kuwa ya ci gaba da nasa ba tare da an ce ya faɗi ba.

Gida yana cikin wannan tafiya daga farkonta zuwa ƙarshenta. Kowace Laraba yaro yakan zo da kuɗin Laraba, wato ɗan abin da iyaye suke aikawa malam kafin hutun Alhamis da Juma'a, da daddare kuma yara sukan kawo kara ko ƙirare domin hura wutar da ake karatu a haskenta. Idan yaro ya kai wasu sanannun wurare a cikin Alƙur'ani, kamar Sabbi da Amma da Tabara, uwa takan dafa abincin sadaka a kai makaranta a raba wa ɗalibai, wanda hakan yake sanar da dukan unguwa inda ɗanta ya kai. Ƙarshen wannan mataki shi ne sauka, inda ake yi wa allo zayyana da launuka, yaro ya karanta a gaban jama'a, a yi yanka a raba. Wannan tsari yana da nasa aibobi, musamman yawan amfani da bulala, da rashin koyar da lissafi da ma'anar abin da ake karantawa a matakin farko, da kuma wahalar da ƙananan yara suke sha idan an tura su ci-rani tare da malam bayan kaka. Amma ta fuskar shigar da yaro karatu, ya tanadi abubuwa huɗu da masana tarbiyyar ƙananan yara suke nema a yau: malamin da aka sani, ɗan'uwa a gefe, harshen gida wajen bayani, da tafiya gwargwadon ƙarfin kowane yaro.

Zuwan boko da komawar iko hannun hukuma

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma sun tarar da ƙasa cike da makarantu, domin ƙiyasin hukumar mulkin mallaka a wajajen 1914 ya nuna cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewacin Nijeriya, da ɗalibai sama da 200,000. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nassarawa a Kano, inda aka fara da horar da malamai da 'ya'yan sarakuna, ana koyarwa da Hausa a rubutun boko. Daga nan aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 domin samar da malamai, aka kafa makarantun 'yan mata a Kano da Katsina a 1930, Hukumar Fassara kuma, wadda daga baya Rupert East ya jagoranta a Zariya, ta shiga samar da littattafan karatu, har aka kai ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam a 1937.

A karkara, boko ya zo ne ta hanyar makarantar elementare, wadda En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, take ginawa galibi a garin da hakimi yake zaune, ana yin shekara huɗu a cikinta kafin 'yan ƙalilan su wuce makarantar midil a birni. A nan ne aka samu sauyi mafi girma a tarihin shigar yaro makaranta, domin yanke hukunci ya bar hannun uba ya koma hannun sarauta. Hakimi yakan yanka wa kowane dagaci adadin yaran da zai kawo, dagaci ya raba wa masu unguwanni, su kuma su bi gida-gida, abin da jama'a suka riƙa kira kamun yara. Iyaye da yawa, saboda tsoron kada 'ya'yansu su bar addini ko su raina noma, sukan ɓoye su a rumbu ko su tura su wani gari wurin dangi, masu hali kuma su nemi a ɗauki ɗan wani a madadin nasu. Yaron da aka ɗauka daga ƙauye yakan zauna a gidan wani a garin hakimi, nesa da uwarsa, a ƙarƙashin malamin da iyayensa ba su taɓa gani ba. Wannan tarihi shi ne tushen zargin da wasu gidaje suka daɗe suna yi wa boko, kuma zargin bai fara sassautawa ba sai da aka ga waɗanda aka kama da ƙarfi sun dawo a matsayin malamai da ma'aikatan asibiti da alƙalai da malaman gona.

A shekarun 1950 abubuwa biyu sun rage tazarar da ke tsakanin tsarin biyu. Na farko shi ne shirin Yaƙi da Jahilci na gwamnatin Jihar Arewa, wanda ya koya wa manya karatu da rubutu da Hausa, ta yadda uba da kansa ya san abin da ake yi a aji. Na biyu shi ne makarantun Islamiyya, waɗanda Malam Aminu Kano yake cikin waɗanda suka ƙarfafa kafa su, inda aka ɗauki benci da allon bango da rajista da rabon azuzuwa aka sa su cikin karatun addini. Kwalejin Horon Malamai ta Wudil kuma ta yaye malaman firamare masu yawa waɗanda suka bazu a ƙauyukan Kano, kuma kasancewarsu 'yan ƙasa masu jin harshe da sanin al'ada ya taimaka wajen kwantar da hankalin iyaye.

Shekarar 1976 da ma'aunin kunne

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, sannan a watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, a shekarar da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul. Wannan shiri ne ya kai makarantar firamare ƙauyuka da dama da ba su taɓa samunta ba, ya kawo ƙarshen buƙatar raba ƙaramin yaro da garinsu kafin ya yi karatun boko. Masu tsara shirin sun yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, amma sama da miliyan 3 suka zo, aka rasa isassun azuzuwa da malamai, aka shiga ɗaukar waɗanda aka horar cikin gaggawa, wasu azuzuwan kuma aka yi su a inuwar bishiya.

Doka ta sa shekara 6 a matsayin lokacin shiga aji ɗaya, amma da yake yawancin yaran karkara ba su da takardar haihuwa, hedimastoci sun dogara da wani gwaji da duk wanda ya yi firamare a wancan zamani yake tunawa da shi. Akan tsayar da yaro a ce ya ɗaga hannunsa na dama, ya ɗora shi a tsakiyar kansa, ya kamo kunnensa na hagu, idan yatsunsa sun taɓa kunnen a rubuta sunansa, idan ba su kai ba a ce ya koma sai baɗi. Gwajin yana da ɗan tushe, domin yayin da yaro yake girma hannuwansa suna ƙara tsawo fiye da yadda kansa yake ƙara girma, amma yakan cuci yaron da rashin abinci ya tsumburar da shi, kuma ba ya faɗin komai game da hankali ko buɗewar baki. Da wannan ne ma'aunin isa karatu ya tashi daga abin da iyaye suka lura da shi a gida na tsawon watanni, ya koma abin da baƙo zai iya aunawa cikin minti ɗaya.

Nazare da rabin aji

Makarantar ƙananan yara ta zamani ta samo asali ne daga Jamus, inda Friedrich Froebel ya buɗe irinta a garin Bad Blankenburg a 1837, bisa ra'ayin cewa wasa da waƙa da sarrafa abubuwa da hannu su ne hanyar koyon yaron da bai kai shekara bakwai ba. A 1907 Maria Montessori ta buɗe tata a wata unguwar talakawa a birnin Rum, ta ƙara da kujeru da kayan aiki daidai tsawon yara. A Nijeriya 'yan mishan ne suka fara azuzuwan ƙananan yara a kudu, a Kano kuma makarantun nazare sun fara ne a unguwannin ma'aikata da baƙi, kafin su yaɗu zuwa cikin birni da garuruwa irin su Wudil, inda zuwan ma'aikatan jami'a da na makarantar 'yan sanda ya ƙara yawan masu nemansu.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ita ce takardar gwamnati ta farko da ta amince da wannan mataki ga yara 'yan shekara 3 zuwa 5, ta bayyana cewa amfaninsa shi ne sauƙaƙa wa yaro tashi daga gida zuwa makaranta, da kula da shi yayin da iyaye suke gona ko kasuwa ko ofis, da koya masa tsabta da zaman tare da farkon sanin lambobi da haruffa da launuka ta hanyar wasa, kuma ta ce a yi haka da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Sai dai gwamnati ta bar gudanar da shi ga masu zaman kansu, wanda hakan ya mayar da shi abin masu kuɗi, kuma gasar neman ɗalibai ta sa yawancin makarantun suka karkata ga Turanci da jarrabawa da aikin gida tun yaro bai iya riƙe fensir ba.

Sauyi ya zo da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a ranar 30 ga Satumba 1999, aka kafa masa doka a 2004, dokar da ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin farko, ta kuma sa kula da ƙananan yara a cikinsa. Gyaran da aka yi wa Manufar Ilimi a 2013 ya sa shekara ɗaya ta share fage a cikin ilimin dole, ga 'yan shekara 5, a cikin makarantun firamare na gwamnati, tare da ƙa'idar malami ɗaya ga yara 25. A Jihar Kano, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta kuma dole a 2019, gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, abin da shi kansa shaida ne cewa cunkoson azuzuwa da ƙarancin malamai da kujeru ba su kau ba. A makarantun karkara da yawa, rabin aji shi ne ajin da ya fi cika, domin ƙanne suna biyo yayyensu, kuma sau da yawa shi ne ajin da ake ba malamin da ba a horar da shi musamman a kan ƙananan yara ba.

Abin da tarihin yake nuna wa iyalai

Yaron Achika na yau yana iya shiga makarantu uku kusan a lokaci guda, wato allo da asuba ko da dare, boko da safe, Islamiyya da yamma, kuma babu ɗaya daga cikinsu da take lissafin gajiyar da sauran biyun suke jawo masa. Iyaye ne kaɗai suke ganin ranar yaron gaba ɗaya, saboda haka su ne za su iya tabbatar da cewa ɗan shekara huɗu ko biyar ya samu barci da wasa da karin kumallo, ko da koko da ƙosai ne, kafin a nemi ya zauna wuri ɗaya ya saurara. Hikimar da ke cikin barin kolo ya yi watanni yana saurare kafin a ba shi allo tana aiki a rabin aji, domin yaron da ya ƙare shekarar yana iya gaishe da malami, da faɗin sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, da neman izinin zagayawa, da jiran layi, da sauraron labari ya maimaita shi da Hausa, ya samu abin da aka buɗe ajin dominsa, ko da bai rubuta shafi ɗaya ba. Binciken masana ilimi a ƙasashe da dama ya nuna cewa yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake ji, kuma wannan ƙwarewa tana taimaka masa daga baya wajen koyon Turanci da Larabci.

Akwai kuma abubuwan da tsohon tsari bai sani ba, waɗanda zamani ya wajabta. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta maye gurbin gwajin kunne, kuma ana buƙatarta a matakan karatu na gaba. Katin rigakafi yana da muhimmanci saboda tara yara da yawa a ɗaki ɗaya yana saurin yaɗa ƙyanda da tarin shiƙa, kuma Kano ta ga illar sakaci da wannan lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa 2004, cutar ta ƙara bazuwa, kafin a kai ga ayyana Nijeriya a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a 2020. Haka nan tazarar gida da makaranta, da hanyar da yaro zai bi da damina, da wanda zai raka shi ya dawo da shi, duk abubuwa ne da makarantar zaure ba ta tilasta wa kowa tunaninsu ba.

Babban abin da aka rasa a zamanin kamun yara, wanda dokoki da gine-gine ba su mayar da shi ba, shi ne sanayya tsakanin gida da malami. Hanyoyin mayar da ita suna nan a tsarin yau, ta ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta wanda ya ƙunshi mai unguwa da liman da wakilan mata, amma suna aiki ne kawai inda iyaye suke halartar taro, suke leƙa aji, suke tambayar yawan yaran da ke hannun malami ɗaya da harshen da yake yi musu magana da shi. Gwamnati ta karɓi ikon sa ranar shiga makaranta da shekarun shiga, kuma ba a tsammanin wannan iko zai koma gida, amma sanin ko yaro ya isa, da sanin mutumin da aka danƙa masa shi, da bin sawun abin da ya koya mako-mako, aiki ne da tarihin yankin ya nuna cewa ba a taɓa samun wata hukuma da ta iya yi wa iyaye shi ba.